Filin Marubuta: Tufafi da Rawa a Cikin Labarin Tarihi

Tambaya: Assalamu alaikum Goggo, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Ina rubuta labarin wata budurwa 'yar marini a birnin Kano, a shekarar da Turawa suka ci garin. Ita ce gwanar rawa a unguwarsu. Matsalata, duk sanda na zo siffanta ta sai in ga na sa mata leshi da gyale irin namu, rawar kuma sai ta fito kamar ta fim. Yaya zan yi in mayar da ita zamaninta?
*Wata ɗaliba daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata, lafiya ƙalau, alhamdu lillahi. Kin ɗauko shekara mai nauyi. A watan Fabrairu na 1903 Turawa suka shiga Kano, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato, daga baya aka naɗa Abbas. Shekara goma kafin nan an yi Basasa, daga 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ke nan iyayen yarinyar nan sun riga sun san ƙarar bindiga da gudun hijira. Ki riƙe wannan a ranki, domin gidan da ya taɓa gudu da kayansa a ka, daban yake kallon zane mai tsada.

Kafin ki buɗe adudunta ki ga abin da take da shi, fara duba hannun ubanta. Hannun marini shuɗi ne har gwiwar hannu, faratansa sun rine, ba sabulun da zai fitar. Warin karofi yana bin rigarsa har gida, warin baba da ya jiƙa ya ruɓe cikin ruwan toka. In kin samu hali ki je marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 take nan, ki tsaya bakin rami ki yi shiru ki kalla, gani ya kori ji. Za ki ga abin da ba a karantawa a takarda: in aka ɗago ƙyalle daga karofi, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi kina kallo. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, har ya yi duhun da ake so. Daga nan sai wajen mabuga, a shimfiɗa shi kan gungume, a barbaɗa shuni, maza biyu ko uku su yi ta bugu suna karɓa wa juna har ya ɗauki ƙyalli. Wannan bugun yana da kiɗansa. Yarinyar da ta tashi tana jin sa tun tana goye, a ƙafarta yake zaune. In ni ce ke, daga nan zan samo mata rawarta, ba sai na ce wa mai karatu "baiwa ce Allah ya ba ta" in wuce ba.

Ki tuna kuma tufa a Kanon wancan zamani ita ce dukiyar gari. Bature ɗan Jamus ɗin nan Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufar Kano tana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Turkudi da rawani ɗan Kura, Azbinawa suke ɗorawa a raƙuma su keta Sahara da su. Kowa a gidan yana da hannu a ciki. Uwar tana daga cikin gida tana gurzar auduga, ta yi shiɓa, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari. Zaren da ta kaɗa, wa zai kai kasuwa? 'Yar nan taki ce, ita ce ƙafar uwarta a waje. Masaƙi ya saƙa siraran ƙyallaye, maɗinki ya harhaɗa, uba ya rina. Amma mafi kyawun abin da ya fito daga karofinsa na fatake ne, ba na 'yarsa ba. Ga labari nan kwance: yarinya tana ganin turkudi mai sheƙi yana wucewa ta zauren gidansu kullum, ita kuwa da zanen da ya koɗe take zuwa dandali. Ranar da za ta ɗauki ɗaya ta ɗaura ba da sanin kowa ba, ranar labarinki zai miƙe tsaye.

Ga kuma wani abu da marubuci zai so: shunin tufa mai ƙyalli zuba yake yi. Yana shafar fata, yana shafar duk abin da ya goga. Saurayi ya koma gida da shuɗi a hannun farar rigarsa, uwarsa ta dube shi ta dubi hannun rigar, ba ta ce komai ba. Kin ga ba ki buƙatar shafi uku na bayani.

Yanzu shigarta. Zane ne saƙar hannu, ɗaurin ƙirji, da fatari a ciki. Jigida a ƙugu, tsakiya ko murjani a wuya in da hali, munduwa a hannu, kwalli a ido, ɗigon katambiri a fuska. Lalle ba zanen fulawa ba ne irin na yanzu, ƙunshi ne, a cusa hannu cikin zunguru a kwana da shi. Haƙora a rina su da fure da goro, kitso a shafe shi da man shanu da shuni. Ƙafa kuwa galibi ba takalmi. Matar aure ita ce mai ƙara zane na biyu ta yi lulluɓi in za ta fita. Yadin ƙetare yana shigowa tun kafin Turawa, ta Sahara da kuma ta Kudu, amma ambaliyarsa sai bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, masaƙar zamani ta Kaduna kuwa sai 1957. Leshi da shadda da ɗinkin keke, ki ajiye wa jikokinta.

Sai dai kada ki kwashe duk waɗannan ki juye a sakin layi ɗaya kamar mai nuna kayan lefe. Kowane abu ya fito lokacin da yake da aiki. Jigida sai an ji motsinta za a san da ita. Munduwa ta fito ranar da uwar za ta jinginar da ita saboda hatsi ya ƙare.

Tufar maza ma magana take yi, kuma a 1903 maganarta tana da haɗari. Babbar riga mai aska takwas, maɗinki watanni yake yi a kanta da allura. Saƙi mai ɗigon zabuwa, tsamiya wadda ake samu daga saƙar tsutsa, alharini mai jan launi da ake kawowa ta Sahara, duk na masu hali ne. Rawani mai kunne biyu na gidan sarauta ne, alkyabba kuwa sarki ke yafa wa wanda ya naɗa. Figini da takalmin gashin jimina da kakaki, tarihi ya jingina su ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma har yau ba a ganin su a jikin kowa da kowa. Talaka taguwa ce tasa, manomi a gona bante ko warki. To ki yi tunanin makon da gari ya faɗi: wa ya tuɓe rawaninsa ya ɓoye don kada a gane shi, wa kuma ya wayi gari da rigar da jiya bai isa ya taɓa ba? Hausawa suka ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma ba a fara ganin sauyin ko'ina ba sai a jikin mutane.

Batun rawa, abin da ke sa ta fito miki kamar ta fim shi ne kina kallon yarinyar daga nesa ita kaɗai, ba makaɗi, ba 'yan kallo, ba dalili. Fara da tambayar wa ke kiɗan, kuma kiɗan na wa ne. A ƙasar Hausa kowane kiɗa da masu shi. Tambari na sarki ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya ta maharba da 'yan bori, kalangu na mahauta da 'yan mata, shantu da ƙwarya na mata a cikin gida. Taki yarinyar, dandali ne nata a daren farin wata, da gaɗa da kalangu.

Ki rubuta gaɗa yadda take. 'Yan mata sun yi rabin da'ira suna tafi, zabiya tana bayarwa saura suna amshi. Ɗaya ta fito tsakiya ta taka, ta juya baya, ta saki jikinta gaba ɗaya ta faɗo ba tare da ta waiga ba, su cafe ta su cilla ta sama ta dira da ƙafafunta. Duk wasan a kan amana yake tsaye. To in akwai wadda ke jin haushin gwanarki saboda saurayi, me zai faru daren da ta sassauta hannu? Shi kuwa kalangu magana yake yi. Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata, muryar ta hau ta sauka, ya buga taken yarinya, kowa a dandalin ya san da wa ake. Ta ji takenta tun tana bakin lungu, ƙafarta ta canza tafiya. Ki sa ƙura, ki sa gumi, ki sa numfashi, ki sa ɗaurin zanen da take gyarawa da hannu ɗaya ba tare da ta rasa taki ba. Kuma kada kowa ya yi mata liƙin takarda. Wuri ne kuɗin lokacin, shi za a zube wa makaɗi, da goro. Anini da kwabo da ake manna wa mai rawa a goshi sun zo bayan Turawa sun zauna, naira kuwa sai 1973.

Ki yi hattara da koroson da muke gani a dandamali, kowa da anko iri ɗaya, ana jeruwa ana tsalle-tsalle lokaci guda. Wannan shiri ne na ƙungiyoyin al'adu, don bukukuwa irin su FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na 1977. Yana da kyau ƙwarai, ni ma ina son sa, amma ba shi ne dandalin unguwa ba.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi damuna da ki gane: kwanakin rawar budurwa ƙidayayyu ne. Da ƙuruciya ake aure, kuma daga ranar da aka kai ta ɗaki, dandali ya ƙare mata, sai dai kiɗan ƙwarya a tsakar gida ranar biki. Ita ta san haka, ƙawayenta sun sani, makaɗin ma ya sani. Gari yana jiran Turawa, ita tana jiran ranar kamu. Ki bar waɗannan jira biyu su yi tafiya tare.

Tambaya: Goggo barka da war haka. Labarina a Gobir yake, bayan jihadi, kuma akwai wata tsohuwa 'yar bori a ciki. Ni Musulmi ne, ina jin tsoron kada a ce ina tallata shirka. In cire ta?
*Wani malamin makaranta daga Maraɗi*

Amsa: Barka kadai ɗana. Hukuncin shari'a ba nawa ba ne, ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka karanta masa shafukan. Amma a matsayin mai rubutu, ra'ayina kada ka cire ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa sun yi rubutu a kan al'adun da suka tarar suna kuma suka, ciki har da cuɗanyar maza da mata a wajen kiɗa da rawa. Ba su ɓoye cewa abin yana nan ba. Wanda ya rubuta Gobir ta wancan lokaci ba bori, mai karatunsa ba zai fahimci me aka yi ta wa'azi a kai ba, tun kafin 1804 har bayanta. Kai ma ka fi ni sanin matsayin shugabannin bori, Inna a Tsibiri da Iya a Maraɗi.

Ta fuskar tufa da rawa kuwa, a wajen masu bori kowane iska da kiɗansa da kayansa da tafiyarsa. Malam Alhaji fararen kaya ne, tafiyar tsoho, da tari. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai son ado da kyauta. Kuturu yatsu ake lanƙwashewa. Mai garaya ya sauya kiɗa, masu kallo sun san wa ake kira tun kafin a ga komai. Abin har zamani yake bi: wajen 1925, a yankin Filinge ta Nijar, aka fara ganin Babule, masu kwaikwayon sojan Faransa da tafiyarsu da ba da odarsu, har abin ya bi 'yan ci-rani zuwa Ankara ta Ghana.

Ga abin da nake so ka duba da kyau. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta kafa 'yan taru don ilimantar da matan karkara, kowace jaji da ta naɗa, wato malamar da ke jagorantarsu, sai ta ba ta malfa da jan rawani. Malfa kuwa ita ce alamar Innar Gobir, shugabar bori. Ta ɗauki abin da mata suka saba girmamawa ta aza shi a kan malama. Ka sa tsohuwarka tana zaune a ƙofar ɗaki, sai ga jaji ta shigo ƙauyen da malfa a ka, mata suna bin ta. Me ta ji a ranta? Ƙwace aka yi mata, ko kiran ta ake yi? Wannan shafi ɗaya zai faɗi abin da babi guda na wa'azi ba zai faɗa ba. Ba sai ka kwafo waƙoƙin kiran iskoki ba, ba kuma sai ka mayar da ita dodo ba. Tsohuwa ce mai jikoki da ciwon gwiwa, wadda duniyar da ta sani take zamewa daga hannunta.

Tambaya: Goggo, yayata ta karanta labarina na shekarun 1940, ta ce in sa wa matan ciki hijabi don kada a ce ban da tarbiyya. Ya kika gani?
*Wata matar aure daga Gusau*

Amsa: Ƙanwata, ki gode wa yayarki, kare ki take so ta yi. Amma dogon hijabin da muke sawa yau, daga ƙarshen shekarun 1970 ya fara yaɗuwa a ƙasar nan. Kakanninmu na 1940 lulluɓi suke yi da zane ko mayafi, kuma ba su rasa kunya ba. In kika sa musu abin da ba su sani ba, kamar kin ce shigarsu abin ɓoyewa ce, ni kuwa ban yarda da haka ba. Tarbiyyar marubuci tana wajen inda ya ajiye idonsa. Ki ce ta ɗaura zane ta ja lulluɓi ta fita, ki wuce ga abin da ya fitar da ita. Ba wanda ya tilasta miki siffanta jiki.

Tambaya: Ina zan samu ingantaccen bayani a kan kayan da? Abin da nake gani a intanet duk hotunan hawan salla ne.
*Wani matashi daga Kaduna*

Amsa: Ɗana, kana zaune kusa da Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa, duk a Kaduna, ka fara da su. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, a Yamai akwai gidan tarihi na Boubou Hama. Ka shiga Kasuwar Kurmi wajen masu tsofaffin kaya, ka shiga birnin Zariya ka zauna da masu ɗinkin hannu a zaure, ka ga yadda ake zana aska a kan ƙyalle kafin allura ta bi. Ka nemi labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka daga bakinta aka buga a 1954. Tsohuwa ce da ta rayu a ƙasar Kano da ta Zazzau, ta ga zamanin kafin Turawa da idonta, kuma ta yi maganar wasan 'yan mata da biki da bori yadda mace ta gan su. Tsofaffin hotuna suna da amfani, amma ka tuna mai kyamara sarakuna da ranar ado ya fi nema, matar da ke daka a tsakar gida ba kasafai ya kai gare ta ba.

Mafi girman ma'ajiya tana cikin gidajenmu, kuma kullum raguwa take yi. Sai dai akwai yadda ake tambayar tsohuwa. In ka ce mata "Hajiya yaya zamanin da yake?" za ta ce maka zamanin da da albarka, shi ke nan. Ka tambaye ta wane zane ta ɗaura ranar kamunta, wa ya saya, nawa aka saya, wace waƙa ƙawayenta suka yi mata, wa ke kiɗa a dandalinsu, ina ya ƙare. In ka samu tsohon saƙi ka tafi da shi ka sa mata a hannu, yatsunta za su tuna abin da bakinta ya manta. Ka je bayan la'asar, ka riƙe goro, ka nemi izini kafin ka ɗauki muryarta a waya, in kuma ba muharramarka ba ce ka tafi da ƙanwarka ko matarka ta yi tambayar.

Ka kuma lura da lissafin shekaru. Tsohuwar da ta haura tamanin yau, a shekarun 1950 ta yi budurcinta, don haka abin da ta gani da idonta na wancan lokaci ne. In labarinka ya girmi haka, ka tambaye ta abin da kakarta take ɗaurawa da abin da kakar take ba su labari, ka rubuta wannan a shafi daban, kada ka gauraya su.